Kunun Gwaggo Iyatu

Gwaggo Iyatu yayar babanmu ce. A Runka duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya sha kununta, don ta fi shekara ashirin tana dama wa 'yan ƙwadago kunun tsamiya idan damina ta sauka.

Da 'yan bindiga suka matsa, noma ya koma na sauri, a shiga gona da sassafe, a fito kafin la'asar. Lokacin ne wasu masu gonaki suka fara aiko mata da ƙwayoyi ƙulle a leda, wai maganin gajiya ne, ta zuba a kunu. Damina biyu tana zubawa. Sai daga baya ta ji sunan abin, taramol, ta daina, amma ba ta gaya wa kowa ba.

Bara aka kama Sadisu, maƙwabcinmu mai 'ya'ya biyu, ya ɓalle ƙofar kemis da rana tsaka, yana neman ƙwaya. Aka taru a ƙofar gidan mai gari. Mani mahauci ya ce a miƙa shi ga hukuma a ɗaure, ya zama darasi. Malamin asibiti ya ce ɗauri ba ya fitar da ƙwaya daga jiki, a kai shi Katsina magani. Wani ya ɗora laifin kan masu kemis, wani gwamnati, wani iyaye. Masu cewa a ɗaure shi sun fi yawa.

Sai ga Gwaggo da ludayinta a hannu, ta durƙusa ta gai da mai gari.

"Iya, nan fa zaman maza ne," in ji Mani.

"Mani, da wannan ludayin na zuba maka kunu tun ba ka iya riƙe wuƙa ba. Zauna." Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. "Ranka ya daɗe, Sadisu bai san ƙwaya ba sai a kununa. Ni na ba shi ta farko. Waɗanda suka aiko mini da ita suna zaune a nan, ba zan kira suna ba, sun san kansu. In ɗauri ne, a fara da ni."

Na ga dattawa uku sun sunkuyar da kai. Can ɗayansu, Daudu, ya ce akori-kurarsa za ta shiga Katsina gobe, akwai wuri a gaba da za a sa Sadisu. Mai gari ya amince.

Maganar ta jawo mata, masu gonaki da yawa sun daina ba ta aiki. Da na tambaye ta ko ta yi nadama, cewa ta yi nadamarta ta damina biyun nan ce.

Wata uku Sadisu ya yi a asibiti. Bana ya koma gona. Gwaggo kuwa a bakin gonar take dama kunu yanzu, kowa na kallo, kuma ita ke fara kurɓa.