Hannun da Ya Koya Mini Rubutu

Warin tsohuwar takarda ne ya fara tarbata, irin na akwatin kakana idan damina ta yi nisa. An baje takardun zamanin neman 'yancin kai a wani ɗakin tarihi nan cikin Sakkwato, ni kuwa na tafi da zumuɗi, ko Allah zai sa in ga sunan tsohon.

Ka san kakan nawa tela ne a Ƙofar Dundaye. A cikin shafin riguna yake ɗinke takardun 'yan gwagwarmaya, su wuce ta gaban 'yan doka ba wanda ya sani. Rana ɗaya aka zo kai tsaye aka farke shafin wata riga, aka tafi da shi. Ya dawo daga kurkuku da yatsu biyu a sandare, bai ƙara zura zare a allura ba. Wanda ya tona shi kuwa, har ya koma ga Allah bai san ko wane ne ba.

Yana da amini, marubucin wasiƙun unguwa. Kullum bayan la'asar suna tabarma ɗaya a zaure, goro ɗaya su raba biyu. "Wanga ya hi ɗan'uwa," in ji kakana. Aminin nan ne ya kama hannuna ya koya mini ajami, yana jan wutsiyar harafin nun har ta naɗe kamar ƙugiya. Kakata ce kaɗai ba ta amsa sallamarsa. Mu jikoki mu yi ta tsokanarta, tsohuwa mai riƙo. Sai ta ce, "Ku dai ci tuwonku."

A ɗakin tarihin, cikin akwatin gilashi na uku na gan ta. 'Yar wasiƙa ce zuwa ga Baturen mulki, ba sa hannu: a duba shafin rigunan telan Ƙofar Dundaye. Ina ruwana da sa hannu? Ga nun nan, wutsiya a naɗe.

Wallahi sai da na dafa bango. Mutumin nan ni na sha riƙe masa buta, ranar jana'izarsa har muryata ta dishe. Ya ci amanarmu, ya zauna ya ci tuwonmu shekara da shekaru.

'Yan makaranta suna ta ɗaukar hoto da waya, suna yaba kyan rubutun. Zauren kakana yanzu shagon cajin waya ne, kakata ta daɗe a ƙasa, ba wadda zan ba haƙuri. A bakin ƙofa aka miƙo mini littafin baƙi. Na fara sa sunana da ajami yadda na saba, sai na ga wutsiyar nun tana naɗewa. Na ajiye biron.