Haƙorina Ɗaya, Haƙoran Malam Biyu

Giɓin nan da ke bakina ba na gado ba ne. A ajin kemistiri na samo shi, ina sakandare a Daura, shekarun da aka fara shari'a kowa na ɗokinta.

Malaminmu gajere ne mai zafin hannu. Ranar yana koya mana abin da ake kira katayon. Ya ce kowane atom yana da furoton masu cajin ƙari da ilektiron masu cajin ragi, yawansu ɗaya, shi ya sa babu mai rinjayar wani. In atom ya zubar da ilektiron, sai ƙari ya rinjaya. Kalsiyam, in ji shi, biyu yake zubarwa, don haka a rubuta masa biyu da alamar tarawa a ka.

Ni kuwa ɗan mai fataucin shanu ne. Tun ina ƙarami nake bin Baba kara, kasuwar shanu, ban taɓa ganin wanda shanunsa biyu suka ɓata aka ce ya ƙaru ba. Da ya kira ni gaban allo sai na dangwara wa kalsiyam alamar ɗebewa. Ya ce in gyara. Na ce, "Haba Malam, wanda ya rasa ai raguwa ya yi." Aji ya kwashe da dariya.

Dastar goge allo ce a hannunsa, irin mai bayan katako. Ban ga tahowarta ba. Na dai ji ƙas, bakina ya cika da jini, na tofar, sai ga haƙorina na gaba a kan siminti cikin garin alli. Wallahi ban yi kuka ba. Na ɗauki abina na fice.

Baba ya kai ƙara gaban alƙali. Ni na riga na yanke shawara: ba na son diyya, ba na son ban haƙuri, ƙisasi nake so, a cire nasa ina kallo. Sai dai wana, wanda ke kai mana shanu Kwangwalam, bai iya jira ba. Ana gobe zama ya tare Malam da la'asar a kan kekensa, ya ture shi cikin kwata, ya haye ruwan cikinsa ya yi ta kirɓa masa naushi a fuska, sai da masu shayi suka ɓamɓare shi da ƙyar. Da na ji labari daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Washegari Malam ya zo kotu leɓe a kumbure. Alƙali ya sa ya buɗe baki. Biyu babu a sama.

Alƙali ya dube mu ya ce, "Yaro yana bin Malam haƙori ɗaya. Malam yana bin biyu, a bakin wancan." Ya nuna wana. Ƙaton da ke kayar da bijimi shi kaɗai sai ga shi ya dafe baki yana zufa.

Malam ya dubi alƙali ya yi magana da ƙyar, miyau na zubar masa. "Allah gafarta Malam, in yaron ya yafe, ni ma na yafe."

Kai! Ji na yi kamar in shaƙe shi. Shi ya fara dukana, amma yanzu shi ne mai rinjaye a ɗakin, don ya fi ni asara. Baba ya damƙi ƙeyata har farcensa ya shige. Wana kuwa ido kawai ya zuba min, shi da bai taɓa roƙona ko ruwan sha ba.

Na ce, "Na yafe." Maganar ta fito da wani fito ta giɓin, har wasu a baya suka yi dariya.

Mako na zagayowa Malam ya sake kirana gaban allo, ya miƙo min alli. Na rubuta kalsiyam, biyu, alamar tarawa, na danna har allin ya karye. Ya ce, "Daidai, zauna," nasa bakin ma yana fito.

Wana yana nan da haƙoransa cif, har yau da su yake tauna rake a gabana.