Kwaɗon da Yaya Sale bai san da shi ba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa, amma har yau in na bi ta tashar motocin Abuja da sassafe sai na ƙara duban fasinjoji. Yayana ne ciki ɗaya, masinja a wani ofis a Abuja, mutum mai tambayar tsiya. Likitan da ya gaya masa yana da sankarar huhu ma bai tsira ba, sai da Yaya ya tambaye shi me ya sa huhu biyu ne, zuciya ɗaya.

Nauyin barci gare shi. Matarsa Habi ce ke tashinsa tun kafin kiran sallah na farko don ya kama motar Abuja, ya riga cunkoson hanya. Da ciwo ya yi tsanani barcinsa ya birkice, ya wuni yana gyangyaɗi, ya kwana ido biyu. Tun daga nan Habi ta ɗora wa kanta laifi, wai ita ta karya shi da sammako. Mun yi nasiha har mun gaji. Ita ma barci ya ƙaurace mata, kuma abin yana ci min rai.

Bana 'yarsu Maryam, mai karatun kimiyya a jami'a, ta zo hutu gidanmu na unguwar Magajiya da wani bayani. Wai cikin ƙwayoyin gadon mutum akwai masu tsaron lokaci, su ke nuna wa jiki yaushe zai huta, yaushe zai gyara kansa. A sankarar huhu masu bincike kan tarar da wasunsu sun yi tsit.

"Baffa, ba lalacewa suka yi ba fa," in ji ta. "Kamar shago ne a kasuwa, kaya na ciki, an dai garƙama masa kwaɗo."

Na san da Yaya na raye da ya gyara zama. Wa ya sa kwaɗon? Ina makullin? Sai na yi tambayoyin a madadinsa. Maryam ta ce makullin ake nema, ba a kai ga tabbas ba tukuna.

Habi na gefe tana tsintar shinkafa, muna zaton ba ta ji. Sai ta ɗago.

"Maryam, ki gaya min gaskiya. Ni na sa masa kwaɗon?"

"Haba Mama. Masu binciken ma ba su gama gane yadda yake rufuwa ba. Kuma wallahi masu barci har hantsi suna kamuwa."

Habi ta ci gaba da tsintarta.

Yaya bai bar gida ko fili ba. Tambaya ya bari, ga ta nan a bakin 'yarsa, kuma ita ce ta yi abin da nasiharmu ta kasa. Washegari, karon farko tun rasuwarsa, sai da Maryam ta bubbuga ƙofa kafin uwarta ta tashi sallar asuba.

Allah Ya jiƙan Yaya Sale.