Malam Ƙasimu, Mai Yankan Akuyar Kirsimeti

"Ba ni na ƙi ba, Mama Lami. Hannun ne ya ƙi."

"Hannun da ka ci tuwona da shi jiya? Ban ga yana rawa a cikin miya ba."

Malam Ƙasimu ya yi 'yar dariya, ya ɗaga hannun dama ta gani. Karkarwa yake yi. Ina zaune a benci a ƙofar gidan, na ga yadda fuskarta ta sauya. Kirsimeti ta ƙarato, ga akuya ɗaure a gindin dalbejiya, ga wanda ya saba yanka mata ya zo ba da haƙuri.

Malam Ƙasimu mahauci ne. Bayan asuba yana kwata, da hantsi yana teburinsa a Gyadi-Gyadi yana korar ƙuda da tsumma, da la'asar ya wanke tebur ya nufi gida. Amma in Disamba ta yi, akwai wani aiki da ba wanda ya ɗora masa. Kirista zai iya yanka dabbarsa da kansa, sai dai maƙwabtansa Musulmi da yawa za su karɓi langar abincin su yi godiya, a bayan ido ba za su ci ba. Shi ya sa ake kiran Malam. Ya fuskantar da dabbar gabas, ya ambaci sunan Allah, ya yanka, ya feɗe. Daga nan shinkafar Kirsimeti ta shiga kowane gida. Rabonsa kai da ƙafa ne, kuma Mama Lami ta rantse yakan zuga ta ta sayi akuya mai ƙaton kai.

Ita tsohuwar malamar firamare ce, mutuniyar Kagoro, a Tarauni ta yi aure, a nan ta binne miji. Ɗanta Gideon ya matsa ta koma wajensa a Jos. Amsarta ɗaya: ranar da abincinta ya daina shiga gidajen layin nan, ranar za ta ɗaure kaya.

Da soja suka koma bariki mun zaci za a huta. Ba a huta ba. Fitina ta zo ta tafi, ta sake dawowa, kowane zuwa sai ta rage mana maƙwabta. Mun gaji da ganin kwaɗo a ƙofofin da muka saba shiga ba sallama. Wata shekara aka baza cewa naman gidan Mama Lami mushe ne, maƙwabciyarta Hajiya Husaina ta mayar da langa ko buɗewa ba ta yi ba. Malam ya ɗauki langar da kansa, ya zauna a zauren Alhaji, mijin Hajiyar, ya ci, ya ce, "Ni na yanka. In mushe ne, ni na fara ci." Alhaji ya ja tabarma ya sa hannu.

Bayan tarzomar baya kuma, ya iso gidan da wuƙarsa a naɗe, jikokin Mama Lami suka hango ta suka ruga ƙarƙashin gado. Ya juya ya ajiye wuƙar a waje, ya roƙi ta kicin ɗinta, ya zauna yana wasa ta a dutse har yaran suka fito kallo. Tun ranar bai sake shiga gidan Kirista da wuƙarsa ba.

Na karanta littattafai da yawa, na so jarumai masu doki da takobi har na yi musu kuka. Babu wanda ya taɓa zuciyata kamar ka, Baba Ƙasimu. Kai ne ka sha gori a majalisa, aka ce da kai yaron coci, ka je ka yi sallarka a sahun gaba. Kai ne kake tuna wa masu layya cewa gidan Mama Lami ma gida ne, a kai musu cinya. Mun gode, Allah ya saka maka, ya sassauta wa hannun nan. Mu kuma matasa, da muka iya dogon zance a kan zaman lafiya, ga aikinsa nan a gindin dalbejiya yana jiran mai ɗauka.

Ana cikin maganar hannun nan a ƙofar gidan Mama Lami sai Inuwa, babban ɗan Malam, ya tsaya da babur ɗinsa na acaba zai ɗauki mahaifinsa. Ya durƙusa ya gaida Mama Lami, wadda ta koyar da shi a aji ɗaya.

"Na gaya mata ba zan iya ba," in ji Malam. "In na ja wuƙa da wannan hannun, azaba kawai zan ba dabba. Kai kuwa ka iya."

"Baba, ka san abin da ake faɗa a majalisa."

"Na sani. Ni aka fara faɗa wa."

Inuwa ya sunkuyar da kai. Mama Lami ba ta roƙe shi ba. Ta miƙe da ƙyar, ta dafa gwiwa, ta nufi akuyar.

"Ƙyale shi, Malam, kowa ya gaji. Zan aika wa Gideon ya nemo mota." Ta fara kwance igiyar. "Inuwa, ka gaida matarka Maimuna. Ka ce mata bana kada yara su jira langa."

Ya daɗe yana kallon yatsunta suna fama da ƙullin. Sannan ya kashe babur ɗin, ya zare makulli.

"Malama, bar igiyar nan. Ɗauko mini wuƙar kicin ɗin in wasa ta. Ni zan yanka, Baba ya tsaya a kaina."