Tasalla Ungozoma a Ajin Sifaniyanci

A ƙauyukan da ke bayan Roni, in ka ce Tasalla ungozoma ba mai tambayar ka wace Tasalla. Rabin samarin da ke kai-komo da babura a yankin ita ta yanke musu cibiya, na Kirista da na Musulmi, har da 'ya'yan Fulanin ruga da ke aiko mata da ƙwaryar nono ba ta roƙa ba. Gajera ce kakkaura, mai saurin tafiya, ga murya kamar ana kiran shanu daga tsallaken rafi. Kirista ce, jikar Maguzawa, kuma ita ke jan ragamar zumuntar mata a cocinsu tun mijinta Nomau yana da rai.

Ta haura hamsin, shekarun da sa'o'inta ke neman inuwa da tabarma da jika a cinya, sai aka yi sanarwa a coci wata Lahadi. Ana neman ma'aikatan lafiya da za a tura wani ƙaramin asibitin mishan kusa da garin Bata, a ƙasar Ikwatoriyal Gini, inda ake magana da Sifaniyanci. Mai so sai ya fara zaman wata shida a makarantar harshe da al'ada da aka buɗe wa sababbin masu aikin bishara a wani tsohon gidan mishan a gefen Kazaure. Daga ƙarshe wani likita zai zo daga can, ya saurari kowa da kunnensa, ya zaɓi masu tafiya. Tasalla ta ɗaga hannu. Matan da ke gefenta suka ɗauka miƙa take yi.

Bayan an tashi, Fasto Mantau ya ja ta gefe ya ce, "Yaya Tasalla, Turancin ma da yaya kuka rabu da shi, balle wannan?"

Ta ce, "Fasto, an ce mata na mutuwa wajen haihuwa a can, ko ba haka ka karanta ba? To ka sa sunana, sauran ni da bakina ne."

Haka ta ɗaure kayanta a buhu ta shiga makaranta. Su tara ne a ajin, daga Babura da Gwiwa da Kazaure, da wasu biyu daga kudancin Kaduna, kuma ba wanda ba ta haife shi ba a shekaru. Malamarsu 'yar Bata ce, doguwa mai yawan dariya, sunanta Pilar. Tasalla ta gwada sunan sau biyu, ya ƙi zama a bakinta, ta mayar da shi Malama Fila, kafin mako ya zagayo kowa ya bi ta.

Dokar gidan ita ce daga karin kumallo har rana ta yi sanyi ba Hausa, ba Turanci. Addu'a da Sifaniyanci, waƙar sujada da Sifaniyanci, ko gishiri kake so sai ka nemo sunansa ko ka ci lami. Wannan bai dami Tasalla kamar sauran abubuwan ba. Maza da mata a teburi guda ake cin abinci, da cokali mai yatsu, ana ci ana surutu. Gaisuwa kuwa kalma biyu ce an wuce, ba ina gajiya, ba yaya yara, abin da ta ce ko da maƙiyinka ne ai ka ɗan tsaya. Mata kan haɗa kumatu in sun gamu. Ranar farko da Malama Fila ta matso da fuskarta, Tasalla ta yi baya har ta take ƙafar wani saurayi ɗan Gwiwa. Ga kuma kallon ido, wai in babba na maka magana ka dube shi tsakiyar ido, in ka sunkuyar da kai sai a ce kana ɓoye wani abu.

A gaskiya Tasalla ce ta ƙarshe a ajin, kuma ta sani. Yaran kan ƙunshe dariya in ta miƙe karatu, wani lokacin ma ta kubce musu. Abin na mata ciwo, amma sai ta ce, "Ku yi ta yi, ranar da na fara karɓar haihuwa ma hannuna rawa yake." Tana wanki tana maimaita kalmomi, tana shara tana maimaitawa, har akuyar maigadi ta saba da gaisuwar safe ta mutanen Bata. A hankali bakin ya fara saki. Ta iya tambayar mace wata nawa ne cikinta, ta iya cewa numfasa, ta iya cewa yunƙura.

Duk Litinin wani magidanci mai shiru-shiru kan kawo ta a babur daga Roni, ran Juma'a ya dawo ya ɗauke ta. Sunansa Daudu, ɗanta ne na fari. To, Tasalla tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Haka ta tarar ana yi, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ana yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, can ya girma, yana kiran kakar Inna, ita kuma yana ce mata Yaya. In tana son sa sai ta ce "kai", in ana zancensa ta ce "wancan yaron", da ya sayi babur sai ya koma "mai babur". Ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a nan, ai kunyar ɗan fari ce.

Ranar da aka zo darasin iyali, Malama Fila ta ce kowa ya miƙe ya faɗi 'ya'yansa ko ƙannensa da sunayensu. Tasalla ta miƙe ta ce 'ya'yanta huɗu, ta fara daga Zara ta gangara har auta, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Aka yi mata tafi. Malama ta tambaye ta, wanda ke kawo ki fa, wane ne shi? Tasalla ta dubi ƙasa ta ce mai babur ne.

Bayan kwana biyu sai ga Fasto Mantau an kira shi. Ashe saurayin nan ɗan Gwiwa ya gaya wa Malama cikin hira cewa mai babur ɗin ɗan Tasalla ne na cikinta. Malama Fila, wadda ta baro nata ɗan tilo a Bata kuma ba ta wuni ba ta ambace shi ba, abin ya tsaya mata a rai. Ta ce wa Fasto ba za ta iya gabatar da matar da ta cire ɗanta daga lissafin 'ya'yanta ba, a fara sasanta su tukuna.

Fasto ya yi dariya har da tari, sannan ya yi mata bayani a gaban Tasalla. Malama ta ji kunya, ta ba da haƙuri. Amma ba ta ɓoye gaskiya ba. Ta ce likitan da zai zo da tambayar iyali yake farawa, kuma matan ƙauyensu ba sa sakin jiki da baƙuwa sai sun ji 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, in ta tsallake ɗaya za su zaci abin da ita ma ta zata. Ta ce in Tasalla na so, za ta roƙi likitan ya bar wannan tambayar.

Tasalla ta girgiza kai, ta manta da dokar gidan ta yi Hausa. "A'a. Fasto, gaya mata. In na je can, wa zai riƙa bi na gida-gida yana yi wa mata bayani? In faɗa ake yi, zan faɗa."

Faɗin hakan ya fi yin sa sauƙi. Ranar Asabar ta shiga gonar geronta, ta duba gabas da yamma ba kowa, ta buɗe baki. Jimlar Sifaniyancin ta fito sumul har zuwa gaɓar sunan, sai ta kasa. Ji take kamar surukarta marigayiya na tsaye a bayan karan gero tana cewa mara kunya. Ta sake gwadawa, ta sake kasawa, ta zauna a kan kunyar gonar ta yi kuka. Don kuwa duk cikin 'ya'yanta ba wanda take so kamar sa. Lokacin da ya yi ƙyanda yana ƙarami, ta riƙa zuwa ɗakin kakarsa aron rariya safe da yamma alhali tana da tata, don kawai ta saci kallon ƙirjinsa ta ga yana numfashi.

Shi ma Daudu ya lura ta rame. A hanyar Kazaure wata Litinin ya rage gudu ya ce, "Yaya, in karatun nan ya yi nauyi ki bar shi mana. A nan ma ana haihuwa."

Ta ce, "Kai dai dubi hanyarka, ga rami can."

Bai san abin da ke cin ta ba, ita kuma ba ta da bakin gaya masa. Ta ci gaba da gwadawa a ɓoye, a bayan ɗaki, a bakin rijiya. Mafi nisan da ta kai shi ne motsa leɓe ba sauti.

Likitan ya iso da kaka, ana tsakiyar yankan gero. Dattijo ne mai furfura da tabarau, ba ya gaggawa. Aka jera kujeru a babban ɗakin, aka buɗe tagogi saboda zafi. Ranar Juma'a ce, don haka Daudu ya riga ya iso, yana zaune kan babur ɗinsa a inuwar dalbejiya, nesa kaɗan da taga, yana jiran a tashi.

Tasalla ce ta bakwai. Ta gaishe da likitan, ta dube shi cikin ido yadda aka koya mata. Ya tambaye ta aikinta, ta faɗa. Ya tambaye ta me za ta yi in jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, ta amsa da kalmomi masu karkata amma daidai. Ya gyaɗa kai, sannan ya ce 'ya'yanki nawa?

Ta ce biyar.

Ya ce babban fa, yaya sunansa?

Duk 'yan ajin sun san inda aka zo. Malama Fila ta buɗe baki za ta sa baki, Tasalla ta ɗaga mata hannu. Ta san in ta ce za ta faɗa a hankali muryar za ta sake maƙalewa, sai ta ja numfashi irin wanda take sa masu naƙuda su ja, ta saki dukan muryarta.

"Daudu!"

Daga waje aka amsa, "Na'am!"

Sai ga shi ya taho da sauri ya tsaya a bakin taga, yana raba ido ya ga wa ke kiran sa. Ya dubi Fasto, ya dubi Malama, sannan idonsa ya sauka kan uwarsa a tsaye a tsakiyar ɗaki. Nan ya gane muryar wa ya amsa. Ya cire hularsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

Likitan ya tambaya wane ne wannan. Tasalla ta amsa da Sifaniyanci, ba ta sunkuyar da kai ba, ta ce ɗana ne, shi na fara haifa. Dattijon ya yi murmushi ya ce ta fara shirin tafiya, matan Bata na jiran ta. 'Yan ajin suka kaure da tafi, amma ita ba ta ji ba, taga take kallo, inda ƙaton magidanci mai 'ya'ya uku ke goge ido da hula.

Ta ce masa da Hausa, "Kai, ba kiran ka na yi ba. Koma wajen babur ɗinka."

Daudu ya ce, "To, Yaya." Amma bai motsa daga bakin tagar ba.