Ƙasar da Ɗan Azumi Ya Ɗiba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 1969, da rana tsaka, Allah ya karɓi ran Ɗan Azumi, ɗan gwaggona Batulu, a cikin tsohuwar rijiyar ƙauyenmu da ke arewa da Agiye. Bangon rijiyar ne ya rufta masa. Saura 'yan watanni ya kammala karatun ilimin ƙasa da duwatsu a jami'ar Dakar. Ni taubashinsa ne, kuma ina cikin waɗanda suka riƙe masa igiya a ranar.

Ɗan Azumi, mun tashi muna gardamar wane ne bawan wani, ga shi ka tafi ba mu raba gardamar ba. Tare aka kai mu lakol, wato makarantar boko, muna kuka. Ni na tsaya a malanta, kai kuwa ƙwaƙwalwarka ta ja ka har bakin teku, a shekarun da ƙasarmu ta fara tsayawa da ƙafarta. Da ka zo hutun farko na tambaye ka me ake koya muku, ka duƙa ka ɗebi ƙasa, ka murza, ka ɗanɗana. Na ce ashe hukuma ta tura ka Dakar ne don ka koyi abin da kowane jariri ya iya. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce a harshe ake rarrabe laka da rairayi.

Ba ka taɓa zuwa hannu biyu ba. Daga ɗan abin da ake ba ka na karatu kake tsakuro wa Gwaggo turmin atamfa. Makiyayan wajen Gidan Sori ba su manta da kai ba: shekarar da shanunsu suka rasa mashaya, ka bi busasshen gulbi da ƙafa, ka nuna musu inda za su tona, suka sami ruwa tun ramin bai kai tsayin mutum ba. Suka kawo maka ɗan maraƙi, ka ce su bar shi wurin uwarsa ya girma.

Amma kana da wasu maganganu masu sa tsigar jiki ta tashi. Wata rana muna tsaye a gonar Gwaggo ka ciro wani abu daga aljihu ka miƙo mini. Katantanwa ce fara fat, ka ce daga can ƙasan rijiya ka samo ta. Ka ce nan da muke tsaye ruwa ya taɓa kwanciya, kifaye suna wucewa ta inda kawunanmu suke. Na ɗaga kai na dubi sama, ba ko ɗigon girgije, sai na ji sanyi ya ratsa ni. Ka ce ruwan yana nan a ƙarƙashinmu, amma yana ja da baya kowace shekara, rairayi kuma yana tahowa daga arewa, tun da muka sare itatuwan da ke tare shi. Mata ma sun shaida, don kowane rani sai an ƙara wa guga igiya.

Bana ka dawo don aikin ƙarshe na karatunka. Ka bi gonaki tun daga Gazawa har Cadakori, kana ɗiban ƙasa kaɗan-kaɗan a 'yan ƙananan jakunkunan ƙyalle, kana rubuta sunan mai gona a jikin kowace, don ka auna ka gane abin da ya gajiyar da ƙasarmu. Nan ne aka yi maka mummunar fahimta. A wurinmu ba mai ɗiban ƙasar sawun mutum ko ta gonarsa ya ƙulle da sunansa sai mai sammu. Kai ma a nan aka yanke maka cibi, ka san da haka. Na tuna maka, ka ce ai kowa ya san ɗan Batulu. Ashe sanin bai isa ba.

Geron bara bai yi ba, ruwan rijiyar gari kuma ya yi ƙasa fiye da yadda aka taɓa gani. Baba Mudi, maƙwabcinku, wanda ya goya ka kana yaro, shi ya fara faɗa a bakin masallaci cewa ka kwashe albarkar gonaki za ka kai wa Nasara. Magana ta bazu kamar wutar daji. Mata suka daina shiga gidan Gwaggo ɗiban wuta. Abin ya ci maka rai, na ga haka ko da ba ka faɗa ba. Shi ya sa ka ce za ka shiga tsohuwar rijiyar da aka bari, ka duba inda ruwan ya nufa, ko a ƙara zurfin wadda ake sha a wanke ka. Duk garin nan, ni da wasu baƙin makiyaya biyu ne kawai muka yarda muka riƙe igiya.

Ka sauka har muka daina ganin farar rigarka. Iska ta tsaya cik, ko kukan kurciya babu. Can muryarka ta taso, siririya kamar ta wani daban, kana cewa kana jin sanyi a tafin ƙafarka. Sai muka ji ƙara irin ta buhun gero idan an zazzage shi, ƙura ta turnuƙo daga bakin rijiyar, igiya ta yi nauyi a hannunmu ta ƙi motsi. Sai washegari maginan rijiya waɗanda jandarma suka kawo suka kai gare ka. Duk rairayin da aka kwashe a kanka busasshe ne ƙamas, amma da muka buɗe hannunka na dama, baƙar laka ce a ciki, jiƙe sharkaf. Magina sun tona gefe da gefe, ba su ga inda ka samo ta ba. Har yau ban san yadda zan fassara wannan ba, kuma ina ganinsa duk lokacin da na rufe ido.

Sahu ɗaya bai cika ba a sallar jana'izarka. Gwaggo ta shimfiɗa tabarmin makoki, rana ta fito ta faɗi a kansu ba wanda ya zauna. Wannan ya fi mutuwar ƙona mini rai, kuma ba zan ɓoye ba, na yi fushi da garinmu. Tsohuwar da ta yi wa rabin matan garin nan wankan jego, ita ce aka bari ita kaɗai da carbi.

Bayan bakwai ta sa na buɗe akwatinka. Jakunkunan suna jere, kowace da sunanta, kamar mutanen gari sun taru sun yi shiru. Ta zuba su a ƙwarya ta ɗora a ka, ta ce in biyo ta in riƙa karanta mata sunaye. Gona bayan gona, cikin zafin bazara, ta kwance ƙulli ta zazzage, tana cewa, "Ga ƙasarku nan, ku yahe ma ɗana." Da muka isa gonar Baba Mudi yana sassabe. Ta miƙa masa tasa. Ya ja da baya, sannan ya karɓa da hannun hagu, ya kwance ya juye a tafinsa. Ba ta cika cokali ba.

Ya dubi 'yar ƙasar, sannan ya ce, "Batulu, wagga ce duka?"

Ta ce, "Ita ke nan."

Da la'asar ya zo ya zauna a kan tabarmar, ya ce Allah ya jiƙan rai. Bayansa mutane sun fara zuwa ɗai-ɗai. Ga mutanen Cadakori da Gidan Sori da Gazawa, taku ƙasar tana nan a ajiye. Ku zo ku karɓa ku yi wa tsohuwa gaisuwa, don ta rantse in ba ku zo ba za ta kai muku da ƙafarta, kuma ƙafar ba za ta kai ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Kowace safiya in na shiga gaishe ta, sai ta riƙe hannuna ta ce, "An mai da masu ƙasarsu. Ruwan ya komo?" Ashe ita ma maganar gari ta shige ta, ruwan take jira ya wanke mata ɗanta. Ni kuwa ka riga ka gaya mini ba zai dawo ba. Jiya ma an ƙara wa guga igiya, na ce mata ban leƙa ba tukuna.

Ya Ubangiji, ka jiƙan bawanka Ɗan Azumi, ka karɓe shi cikin shahidai, ka yalwata masa kabari, ka shayar da shi daga Alkausara. Ka yafe wa waɗanda suka zarge shi bisa rashin sani. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙannensa Rabilu da Suwaiba, da dangi na kusa da na nesa. Gwaggo Batulu kuwa, ya Allah, ka sanyaya mata zuciya, ka sa ta san ɗanta bai cuci kowa ba, ko da ruwan bai dawo ba. Amin.