Aikin Hajiya Da Kawu Ya Raina

Jama'a, yau na ga abin da har yanzu ban gama gaskatawa ba!

Na raka Kawu Sale ofishin gwamnati a nan ƙasar waje da muke zaune, domin ya nemi inshorar lafiya ta tsofaffi, tunda ya cika sittin da biyar kuma likita ya ce zuciyarsa na bukatar tiyata. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ce bai cancanci ta kyauta ba. Tasi ya daɗe yana ja, amma harajin da ya biya bai kai na shekara goma ba. Sai dai ya riƙa biya duk wata.

Kawu ya dafe teburi. "Inna lillahi! Habibu, a ina zan samo?"

Sai ma'aikaciyar ta tambaya ko yana da aure, kuma ko iyalin nasa na aiki.

Kawu ya yatsine fuska. "Wai aiki. Rainon tsofaffin mutane take yi a gidajensu. Na hana, na hana, ta ƙi ji."

Aka duba sunan matar tasa, Hajiya Rabi. Ta haura sittin da biyu, harajinta kuma ya cika na shekara goma cif! Ashe miji na cin albarkacin aikin matarsa. Kawu ya cancanta!

Muka hau bas zuwa unguwarmu ta Tremont. Muna sauka ya riƙo hannuna.

"Habibu, gobe da wane lokaci take fita? Ni zan kai ta."